Numfashin itatuwa da hayaƙin birni: yadda suke haɗuwa su haifi ozon

A kowace shekara tsirran duniya suna sakin sinadarai masu tashi cikin iska waɗanda nauyinsu ya kai kimanin tan biliyan ɗaya, kuma wannan adadi ya ninka duk abin da motoci da masana'antu da matatun mai ke fitarwa na irin waɗannan sinadarai sau da yawa. Wasu daga cikinsu kowa ya san su da hanci ko da bai san sunansu ba: ƙanshin da ke tashi idan aka murza ganyen turare tsakanin yatsu, da feshin da ke fita daga ɓawon lemo lokacin da ake ɓare shi, da warin ɗanyar ciyawa da aka yanka. Sai dai wanda ya fi kowanne yawa, wato aisofirin, ba ya da wani ƙanshi da mai tafiya cikin daji zai lura da shi, alhali shi kaɗai ya kwashe kusan rabin jimillar, tan miliyan 500 ko fiye a shekara, wanda ya yi kusa da yawan iskar mitan da ke shiga sararin samaniya daga dukkan maɓuɓɓuganta.

Abin da ya sa masana ingancin iska suka damu da wannan numfashi na itatuwa shi ne rawar da yake takawa wajen samar da ozon a nan ƙasa, inda mutane ke shaƙa. Ozon ɗin da ke can sama, daga kamar kilomita 15 zuwa 35, shi ne lemar da ke tare mana haskoki masu cutarwa daga rana, kuma rahama ce. Amma sinadarin nan ɗaya idan ya taru a iskar da ke kusa da ƙasa guba ne: yana ƙona hanyoyin numfashi, yana tayar da asma, yana tsananta ciwon huhu mai daɗewa, yana kuma rage amfanin gona. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicinsa na awa takwas ya wuce maikirogiram 100 a kowace kubik mita ta iska, wato kimanin kashi 50 cikin biliyan, kuma ƙididdigar nauyin cututtuka ta duniya ta shekarar 2019 ta danganta mutuwar mutane kusan 365,000 da shi.

Babu wani bututun hayaƙi da ke fitar da ozon kai tsaye. A cikin iska ake haɗa shi, kuma wanda ya fara gano hakan shi ne Arie Haagen-Smit, wani masanin sinadarai ɗan asalin Holan da ke aiki a jami'ar Caltech, wanda kafin nan aikinsa binciken sinadaran tsirrai ne, har da ƙanshin abarba. A farkon shekarun 1950, lokacin da hazon Los Angeles ke sa idanun mutane hawaye yana kuma tsattsaga tayoyin roba, ya nuna cewa abubuwa uku ne ke haɗuwa: sinadaran haidirokabon masu tashi, da iskar naitirojin oksayid da ake taƙaita sunanta da NOx, wadda ke fitowa daga duk inda aka ƙona mai ko gawayi ko itace da zafi mai yawa, sai kuma hasken rana.

Yadda abin yake gudana yana buƙatar a bi shi a hankali, domin duk sauran bayanin a kansa ya rataya. NOx iri biyu ce, NO da NO2. Hasken rana yana fasa NO2, ta rabu zuwa NO da ƙwayar oksijin guda ɗaya, ita kuma ƙwayar nan ta manne wa oksijin ɗin da muke shaƙa, sai ozon ya samu. Da a nan aka tsaya da babu matsala, domin nan take NO ɗin da aka bari yake juyowa ya cinye ozon ɗin ya koma NO2, ana ta zagaye a wuri ɗaya ba tare da wani abu ya taru ba. Shigowar sinadari irin aisofirin ce ke karya wannan daidaito. Akwai wani guntun sinadari mai saurin kamu da ake kira OH, wanda rana ke samarwa daga ozon da tururin ruwa. Shi ne ke fara afka wa aisofirin, kuma gutsattsarin da ke fitowa daga wannan karo suna mayar da NO ya zama NO2 ba tare da an taɓa ozon ba. Ke nan an buɗe wata hanya ta biyu: rana na ci gaba da fasa NO2 tana haifar da sabon ozon, amma abin da ke cinye shi ya ragu. A cikin wannan ciniki NOx kamar dillali yake a kasuwa, wanda ke haɗa mai saye da mai sayarwa, a gama, ya fita yadda ya shigo, ya je ya haɗa wani cinikin. Ƙwaya ɗaya ta NOx tana iya haifar da ƙwayoyin ozon da dama kafin ta zama asid ta faɗo ƙasa.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne cewa inda dillalin nan bai da yawa, lamarin yana juyewa gaba ɗaya. A tsakiyar dajin Amazon lokacin damina, inda itatuwa ke fitar da aisofirin fiye da kusan ko'ina a duniya, ozon ɗin da ke ƙasa yana cikin mafi ƙaranci da aka taɓa aunawa, sau da yawa bai kai kashi 20 cikin biliyan ba. Gutsattsarin aisofirin ba su samun NO da za su yi hulɗa da shi, sai su haɗu da junansu su mutu. Wasu sinadaran na itatuwa kuma su afka wa ozon kai tsaye su rage shi. Ganyaye ma suna zuƙe shi ta ƙananan ƙofofin da suke numfashi da su. Daji shi kaɗai mai share ozon ne. Sai an kawo masa hayaƙi yake zama wurin haɗa shi.

Me ya sa itace zai yi asarar abincinsa ta wannan hanya? Wani masani a Tibilisi ta ƙasar Jojiya, Guivi Sanadze, ya ba da rahoton fitar aisofirin daga ganye tun 1957, kuma an daɗe ana muhawara a kan amfaninsa. Ganye ba ya ajiye aisofirin. Yana ƙera shi ne nan take daga kabon ɗin da ya kama ta hasken rana, ya sake shi. Idan aka sa ganye ɗaya na bishiyar ok a cikin ƙaramin akwatin gilashi mai na'urar awo, aka kunna masa fitila, cikin 'yan mintoci layin awon zai hau. A kashe fitilar, ya faɗi kusan ƙasa. A ƙara zafin akwatin daga digiri 25 zuwa 35, fitar ta ninka fiye da sau biyu, ta ci gaba da hawa har wajen digiri 40, daga nan ta karye. A rana ta yau da kullum ganyen na kashe kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na kabon ɗin da ya kama a wannan aiki, a tsananin zafi kuwa fiye da haka. Bayanin da ya fi samun karɓuwa, wanda Thomas Sharkey da abokin aikinsa suka gabatar a 1995, shi ne cewa aisofirin na taimaka wa ganye ya jure bugun zafi na ɗan lokaci. Su kuwa sinadaran da ake kira tafin, masu ƙanshin bishiyar fain da lemo da turare, yawanci ajiye su ake yi a cikin ganye ko ƙaro, suna korar ƙwari ko su jawo masu barbara, kuma suna fita dare da rana gwargwadon zafi.

Ba kowace bishiya ke fitar da aisofirin ba, kuma bambancin da ke tsakanin iri da iri yana da girma ƙwarai, har ya kan kai ninki ɗari. Ok, da fofla, da wilo, da turare, da kwakwar manja suna cikin manyan masu fitarwa. Yawancin hatsi da ciyayi kusan ba su fitar da komai. Saboda haka idan aka sare wani daji aka dasa wani iri a wurinsa, ko da ganyen ya kasance shar kamar da, iskar yankin ta canza.

Tun kafin a fahimci sinadaran, mutane sun lura da alamarsu. Shuɗin hazon da ke lulluɓe tsaunukan gabashin Amurka, wanda ya sa ake kiran wasunsu tsaunuka masu hayaƙi, da irinsa a tsaunukan da ke yamma da Sidni a Ostireliya inda dazukan turare suke, shi ne Frits Went ya yi bayaninsa a 1960: tururin itatuwa ne ke rikiɗa ya zama ƙananan ƙwayoyi masu watsa haske. Wannan ilimi ya shiga bakin 'yan siyasa ta mummunar ƙofa. A yaƙin neman zaɓen 1980 Ronald Reagan ya yi iƙirarin cewa mafi yawan gurɓacewar iska daga tsirrai take fitowa, aka yi ta yi masa dariya, kuma dariyar ta sa shekaru da dama masu tsara dokoki suka ƙi ɗaukar batun da muhimmanci. Ya yi kuskure babba a hukuncin da ya yanke, domin itatuwa sun yi miliyoyin shekaru suna numfashi ba tare da sun shaƙe kowa ba. Amma waɗanda suka ɗauka numfashin nan bai da wani tasiri su ma sun yi nasu kuskuren, kuma birnin Atlanta ne ya biya kuɗinsa.

Atlanta birni ne da ke zaune a cikin daji, jihar Jojiya ta kudu maso gabashin Amurka, ƙasa mai zafi da laima, cike da bishiyoyin ok da fain. Daga shekarun 1970 hukumomi suka bi dabarar da aka tsara bisa darasin Los Angeles: a rage haidirokabon da mutane ke fitarwa, daga tururin fetur a gidajen mai, da fenti, da bututun motoci. An kashe kuɗi masu yawa, an kuma rage su ƙwarai, amma kowace bazara ozon yana ci gaba da haura ma'aunin ƙasa na lokacin, kashi 120 cikin biliyan na awa ɗaya. A 1988 William Chameides da abokan aikinsa a jami'ar Jojiya Tek suka wallafa binciken da ya warware matsalar. Sun nuna cewa aisofirin ɗin da itatuwan birnin da kewayensa ke fitarwa, duk da cewa idan aka auna shi a iska ba ya da yawa, saurin kamuwarsa ya sa tasirinsa ya yi daidai da na hayaƙin mutane ko ya fi. Dalilin da ya sa ba a ganinsa da yawa shi ne ba ya wuce kamar awa ɗaya ko biyu a iska da rana kafin ya rikiɗe, yayin da wasu sinadaran fetur ke yin kwanaki. Ma'ana, ko da an kawar da haidirokabon na mutane kakaf, daji zai ci gaba da kawo isasshe muddin NOx na nan.

Wani zai ce to a rage itatuwan. Masu binciken sun duba wannan ma, suka ga akasin abin da ake zato: sare itatuwa don gine-gine yana ƙara wa birni zafi, zafin kuma yana sa itatuwan da suka rage su ƙara fitarwa, yana kuma hanzarta haɗuwar sinadaran. Hanya ɗaya da ta rage ita ce a tunkari NOx. Rahoton majalisar bincike ta ƙasar na 1991 ya amince da haka, a 1998 kuma hukumar kare muhalli ta Amurka ta tilasta wa jihohin gabas rage NOx daga tashoshin lantarki masu ƙona kwal, aka fara aiwatarwa daga 2003, tare da tsaurara dokokin hayaƙin motoci. Ozon na bazara a gabashin Amurka ya sauka a fili cikin shekarun da suka biyo baya, har aka iya tsaurara ma'aunin zuwa kashi 70 cikin biliyan na awa takwas a 2015. Itatuwan suna nan yadda suke, suna fitar da abin da suka saba.

Akwai sarƙaƙiya guda da ke rikita masu tsara manufofi. A tsakiyar birni mai cunkoso, inda NOx ya yi yawa fiye da kima, shi da kansa yana danne ozon: sabon NO daga bututun mota yana cinye shi nan take, NO2 kuma yana kame OH ya hana shi aiki. A irin wannan wuri, rage NOx kaɗan na iya sa ozon ya ƙaru da farko. An daɗe ana ganin haka a ƙarshen mako a wasu biranen Amurka da Turai, lokacin da manyan motocin dizal ke hutawa, an kuma gan shi a biranen Sin da dama lokacin kullen korona a 2020. Wannan ba hujja ba ce ta barin hayaƙin. Yana nufin dole a rage shi sosai har a tsallake tudun, kuma a tsakiyar gari a haɗa da rage haidirokabon na mutane. Yana kuma bayyana dalilin da ya sa ozon mafi tsanani ba a bakin babbar tasha ake samunsa ba. Iska na ɗaukar hayaƙin gari ta wuce da shi, ya tsinke, ya ratsa gonaki da dazuka masu fitar da aisofirin, rana na dukansa, sai bayan awa uku ko huɗu, kilomita 30 ko 50 ko 100 daga gari, ozon ya kai ƙololuwa. Wani ɓangare na NOx ma yana ɗaurewa da gutsattsarin aisofirin ya zama sinadarin da ake kira PAN, wanda ke jure tafiya mai nisa a sama inda akwai sanyi, ya sake sakin NOx ɗin idan ya sauko wuri mai ɗumi. Ta haka manomin da bai mallaki ko keke ba yake shaƙar abin da birni ya haifar, amfanin gonarsa ma ya sha.

Ganyen da ozon ya taɓa yana da kamanni na musamman: ɗige-ɗige ƙanana masu launin ja-ja ko ruwan ƙasa a saman ganyen, tsakanin jijiyoyi, su kuwa jijiyoyin suna nan kore, kuma tsofaffin ganyaye ne ke fara nunawa. Manomi zai iya ɗaukarsa cuta ce ko ƙarancin taki. Sau da yawa ma babu alamar da ido zai gani, sai dai ganye ya tsufa da wuri, ƙwaya ta ƙi cika. Wani bincike da aka wallafa a 2009 ya ƙiyasta asarar duniya da kashi 7 zuwa 12 cikin ɗari na alkama, da kashi 6 zuwa 16 na waken soya, masara da shinkafa kuma ƙasa da haka.

Birnin Manaus na Birazil ya ba masana damar ganin wannan haɗuwa tsirara. Gari ne mai mutane kusan miliyan biyu a tsakiyar Amazon, babu wani babban birni kusa da shi, don haka ana iya bin sawun hayaƙinsa da jirgin sama yayin da yake ratsa daji mai tsabta. A aikin bincike na GoAmazon a 2014 da 2015, an ga ozon a cikin wannan zirin hayaƙi ya ninka na iskar da ke gefensa, an kuma ga ƙananan ƙwayoyin da ke samuwa daga tururin itatuwa sun ƙaru da kashi 60 zuwa 200 cikin ɗari. A tsibirin Boniyo kuwa, binciken da aka yi a jihar Sabah ta Malesiya a 2008 ya kwatanta tsohon daji da gonakin kwakwar manja, ya gano gonakin suna fitar da aisofirin ninki da yawa. Ozon bai tashi ba a lokacin saboda NOx bai yi yawa ba tukuna, amma lissafin masu binciken ya nuna cewa idan ya kai matakin karkarar Turai da Arewacin Amurka, ozon na iya kaiwa kashi 100 cikin biliyan.

Maganar ƙwayoyin nan ta cancanci a tsaya a kanta, domin a fannin lafiya ƙura mai laushi da ake kira PM2.5 ta fi ozon kisa nesa ba kusa ba. An daɗe da sanin cewa sinadaran tafin suna daskarewa su zama ƙwayoyi, kuma tashar bincike ta Hyytiälä a dajin fain na Finlan ta shafe shekaru tana nuna yadda sababbin ƙwayoyi ke haihuwa a iska su girma har su zama tushen ɗigon gajimare. Aisofirin kuwa an ɗauka ya yi ƙanƙanta da zai yi haka, sai a 2004 Magda Claeys da abokan aikinta suka gano ɓurɓushinsa a ƙurar Amazon. Binciken da ya biyo baya, musamman na jihar Alabama a 2013, ya nuna cewa yawan ƙwayoyin da aisofirin ke haifarwa ya dogara sosai da salfet, wanda ke fitowa daga ƙona kwal da mai mai yawan farar wuta. A nan ma hoton iri ɗaya ne: kabon ɗin da ke cikin ƙurar daga ganye ya fito, amma hayaƙin ɗan Adam ne ya sa ya daskare da yawa haka, kuma da aka rage salfa, wato farar wuta, a tashoshin lantarki, hazon kudu maso gabashin Amurka ya yi sauƙi.

Ɗumamar yanayi tana ja ta ɓangarori da dama lokaci guda. Zafi na ƙara fitar aisofirin, kuma ranakun da ya fi fita su ne ranakun da rana ta fi ƙarfi iska kuma ta tsaya cik. Wani nazari a kan zafin da ya afka wa Berlin a Yulin 2006 ya gano cewa a ranakun da suka fi zafi gudummawar tsirrai ga samuwar ozon ta kai har kashi 60 cikin ɗari. Fari yana sa ganye ya rufe ƙofofinsa don tattalin ruwa, sai zuƙar ozon ta ragu, alhali aisofirin na ci gaba da fita har sai farin ya yi tsanani. A ɗaya hannun, gwaje-gwaje sun nuna ƙaruwar kabon dayoksaid a iska tana danne ƙera aisofirin a cikin ganye, sare dazuka don noma kuma yana rage shi. A duk waɗannan, abin da ke hannun hukuma kai tsaye shi ne hayaƙi.

Afirka ta Yamma tana da dukkan kayan haɗin, kuma an auna su. A daminar 2006, a ƙarƙashin shirin AMMA na nazarin damina, wani jirgin bincike na Birtaniya ya yi sansani a Yamai yana shawagi kudu da arewa. A saman ƙasa mai itatuwa ta kudu, wajen Benin, ya sami aisofirin da yawa da ozon kaɗan, kamar dai Amazon. A arewa, saman Sahel, ya ci karo da wani abin da ba a cika tunawa da shi ba: ƙasa da kanta tana fitar da NO. Bayan dogon rani, ruwan farko yana farkar da ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa, su afka wa naitirojin ɗin da ya taru, su saki NO da ƙarfi na 'yan kwanaki, kuma jirgin ya ga ozon ya ɗaga a saman wuraren da ruwa ya jiƙa kwanan nan. Tauraron ɗan Adam ma yana ganin wannan a farkon kowace damina. Ƙarin takin zamani a gonaki yana ƙara wa wannan maɓuɓɓuga ƙarfi. Da rani kuma ƙonar daji ce ke cika sararin yankin da NOx da hayaƙi, shi ya sa ozon ya fi yawa daga Disamba zuwa Fabrairu. A 2016 shirin DACCIWA ya bi sawun hayaƙin Abijan da Akara da Lome da Kwatano yayin da iskar damina ke tura shi arewa, cikin ƙasa mai dazuka da gonakin kwakwa.

Wajibi ne a ajiye kowane abu a matsayinsa. A Kano ko Maraɗi ko Sakkwato, ƙurar hunturu da hayaƙin murhu da na tituna sun fi numfashin itatuwa illa da tazara mai yawa, kuma babu wani mai hankali da zai karanta wannan bayani ya fasa dasa bishiya a ƙasar da hamada ke ci. Inuwa, da sanyaya gari, da tare iska, da riƙe ƙasa, duk sun rinjayi illar aisofirin. Abin da ilimin nan ke cewa game da dashe ƙarami ne amma mai amfani: inda za a dasa dubban itatuwa a gefen manyan tituna da cikin birane, a duba irin, kada a cika wuri da turare kawai don yana saurin girma, tunda yana cikin manyan masu fitarwa, a gauraya da itatuwan gida.

Damuwata ta fi karkata ga kudancin yankin da tsakiyarsa, daga Legas da Fatakwal zuwa Abuja, inda ganye ke da yawa, rana na da ƙarfi duk shekara, NOx kuma na ƙaruwa kowace rana. Duk wanda ya ratsa layin shaguna a babbar kasuwa da azahar lokacin da babu wuta ya ga tushen: janareto a ƙofar kowane shago, wani na fetur wani na dizal, suna ruri a jere, ga tsofaffin motocin da aka shigo da su bayan an gama cin moriyarsu a Turai, da yawa an cire musu tukunyar tace hayaƙi an sayar, ga tireloli, ga wutar iskar gas da ake ƙonawa a yankin Neja Dalta a tsakiyar dajin kwakwa da fadama. Wannan shi ne haɗin Atlanta da Manaus, a yankin da yawan jama'arsa ke ninkawa cikin shekaru ƙasa da talatin. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah: Amurka ta yi fiye da shekara goma tana bin hanyar da ba ta ɓulle ba kafin ta gane inda gizo ke saƙa, kuma ba lallai ne mu maimaita wannan asara ba. Wutar lantarki tsayayya da za ta kashe janareto, da mai maras yawan salfa, da hana shigo da motocin da suka gaji, da kawo ƙarshen ƙona gas a banza, su ne manufofin ozon na wannan yanki, ko da ba a kira su da wannan suna ba.

Kafin duk wannan akwai buƙatar awo. Taurarin ɗan Adam, irin na'urar OMI da aka harba a 2004 da TROPOMI a 2017, suna ganin NO2 daga sama, suna kuma ganin fomaldihaid, wanda aisofirin ke rikiɗa ya zama, kuma da shi aka zana taswirar fitar aisofirin a Afirka. Amma tauraro ba ya faɗin abin da yaro ke shaƙa a tsakar gida. Tashoshin ƙasa masu dogon tarihi a yankin 'yan kaɗan ne, irin na Banizumbu a Nijar da Jugu a Benin da Lamto a Kwaddibuwa, ƙananan na'urori masu araha da ke yaɗuwa a birane kuma galibinsu ƙura kawai suke aunawa. Idan hukumomin muhalli za su kafa na'urorin auna ozon, kuskure ne a jera su duka a shataletalen tsakiyar gari, inda sabon hayaƙi ke danne shi ya sa a ɗauka lafiya lau ake. Wasu su kasance a ƙauyukan da iska ke kaɗawa zuwa gare su daga birni, tazarar kilomita 30 zuwa 100, a gonakin wake da waken soya da alkamar rani, kuma a riƙa duba awonsu na tsakanin azahar da la'asar, a watannin zafi da na ƙonar daji.